Murfin Tanimu da Barkonon Gwaggo

Wani mutum ne a Rafin Kanya, ana ce masa Tanimu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Baki ne kawai ya yi wa jikinsa yawa. In ya sayi allura da safe, kafin azahar ka ji ta zama mashi. In kazarsa ta saka ƙwai, sai ya ce jimina ma sai ta yi da gaske.

To, sai Allah ya hore masa a-kori-kura, fara, mai buɗaɗɗen baya. Kun dai san halin ƙauye. Mai a-kori-kura ba shi da mota, motar gari ce aka ba shi ajiya. Ranar kasuwa, kafin ya gama kurkure baki, mata sun cika bayan da buhuna da ƙore da 'yan awaki. Mai naƙuda shi, jeren amarya shi, kai taki gona shi. Tanimu ya cije, ya cije, rannan dai ya tafi birni. Da ya dawo, sai ga bayan motar a rufe ruf da wani murfi baƙi wuluk, mai tauri, shimfiɗe sumul kamar allo, yana sheƙi har mutum ya ga haƙoransa a ciki.

Bai ko shiga gida ba, ya ja birki a gaban majalisa.

"Ku taso ku ga abin da ba a taɓa kawowa yankin nan ba," in ji shi. "Wannan ba tamfol ba ne. Ku ƙwanƙwasa ku ji."

Aka ƙwanƙwasa. Ƙwan, ƙwan.

"Ruwa ba ya shiga. Ƙura ba ta shiga. Tururuwa in ta zo, sai dai ta yi sallama ta koma. Iska ma zagayawa take yi."

Akwai wani dattijo a majalisar, Malam Jatau, mai son tsokana. Ya shafa gemu ya ce, "To mutane fa, Tanimu? Su ta ina za su shiga?"

"Ai ka ji inda abin ya dame ni ke nan, Baba Jatau. Da son raina ne, kowa ya hau. Amma masu murfin sun gargaɗe ni. Ba a zama a kai, ba a ɗora kaya, ba a yawan buɗewa."

Ya murɗa ɗan mabuɗi, murfi ya ɗaga kansa a hankali, fiii, kamar kada na hamma. Ya danna shi ƙasa, ƙaras, ya kulle kansa.

"Kun ji ko? Ba kwaɗo, ba igiya. In bai rufu ba ne ake buɗe ƙofar baya, in ya rufu shi ke nan. Mabuɗinsa kuwa ɗaya ne tak a faɗin duniya, ga shi a aljihuna."

Tun daga ranar gari ya shiga uku da labarin murfi. A wurin suna murfi, a wurin ta'aziyya murfi. Ya shimfiɗa kafet ja a cikin bayan motar, in zai leƙa ciki sai ya tuɓe takalmi kamar mai shiga ɗakin surukai. Mata kuwa suka koma ɗaukar kaya a ka, suna wucewa suna kallon mota a tsaye, ciki fayau.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, ruwan farko da aka yi, da ya buɗe sai ya tarar da kafet sharkaf. Ya duba, ya duba, sai ga wata kafa a kusurwa, inda murfi ya haɗu da ƙofar baya, babban yatsa na shiga har ya juya. Ya yage tsohuwar hularsa ya cusa a ciki. Matarsa Hansai ce ta shanya kafet a bayan ɗaki, ta kuma kama bakinta.

Yana da gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tabawa. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, ita ta san kukansa na yunwa da na ƙarya. A shekarar nan ta noma barkono, ya yi kyau, amma hadari ya hana shi ƙarasa bushewa. Akwai masu saye a kasuwar Tudun Gawo da ke karɓa a haka. In bai je kasuwa ba, ko bai samu rana mai kyau ba, fumfuna za ta cinye mata wahalar shekara. Ta same shi ta faɗa masa. Ya ce, "In sha Allahu, Gwaggo." Irin in sha Allahun nan da ake faɗa ana kallon gefe.

Ranar kasuwa da hantsi, yana ƙofar gida ya ɗaga murfi yana goge shi da tsumma, Hansai na daga bakin zaure tana miƙo masa ruwa. Can sai ya hango Gwaggo ta karyo kwana da buhu a ka, ƙawarta Marka na biye da wani.

Barkono a kan jan kafet? Kuma in ya ɗaukar wa Gwaggo yau, gobe gari duka ya san murfin nan yana buɗuwa. Ya dubi zaure, in ya nufe shi za ta gan shi. Murfin da ke ɗage ne kaɗai ya kare shi.

"Hansai," ya ce ƙasa-ƙasa, "ki ce na tafi birni."

Ya tuɓe takalmi, ya haye, ya kwanta, ya jawo murfi a hankali ya bar 'yar kafa yana tokare da hannu. A ransa yana cewa dabara ta fi ƙarfi. Ta gaji ta tafi, ya fito ya karkaɗe riga.

Ya ji takunsu. Ya ji sallama. Sai ya ji Gwaggo ta ce, "Wash, wuyana." Ta sauke buhu a kan murfi, tim.

Ƙaras.

Duhu ya rufe shi ɗif. Ya tura, ko gezau. Ya laluba aljihu, ga mabuɗin nan ɗaya tak a faɗin duniya, yana ciki tare da shi.

"'Yar nan, ina maigidan?" in ji Gwaggo.

Hansai ba ta iya yi wa babba ƙarya ba. Ta ce, "Ya ce ya tafi birni, Gwaggo."

"Ya ce. To, madalla." Sai ta ga takalmansa a jere a gindin mota. "Marka, dubi nan. Birni ba takalmi. Allah sarki, ɗana. Tun yana ƙarami haka yake. In ya ga na ɗauko soso da sabulu sai ya shige rumbu, ya bar takalmansa a jere a ƙofa."

Tanimu ya rintse ido. Ya ce a ransa, zato ne kawai take yi. In ya yi tsit, ba mai shaida.

"To yanzu ya za mu yi da barkonon?" in ji Marka.

"Ya za mu yi? Mai mota ba ya nan, kasuwa ta wuce mu. Sai shanya. Taɓa nan ki ji, Marka. Baƙi, sumul, ya ɗau zafi kamar tanda. Kaji ba sa kaiwa, awaki ba sa kaiwa. Wallahi duk garin nan babu wurin shanya irin wannan. Ashe yaron nan tunanina ya yi da ya sayo shi."

Shaaa. Ya ji barkono na zuba a saman kansa. Shaaa, buhu na biyu. Ya ji tafin hannuwa na baza shi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Rana ta ɗaga. Cikin mota ya zama tukunyar dambu. Gumi ya jiƙa riga, ya jiƙa wando, ya gangara kan jan kafet. Su kuwa sun jawo tabarma sun zauna a inuwar katanga suna hira. Hirar wa? Hirarsa.

"Yaro ne mai kirki," in ji Gwaggo. "Tsoro ne kawai da shi. Har ya yi kaciya ba ya fita fitsari sai na riƙe masa hannu."

"Kai, Tabawa."

"Ina gaya miki. Ranar da tunkiya ta biyo shi kuwa, a kan kafaɗata ya kwana."

Tanimu ya ciji yatsa. Ya so ya yi magana, ya tuna yana birni.

Da numfashi ya fara gagararsa, sai ya tuna da kafar nan. Ya ja jiki ya laluba kusurwa, ya zare tsumman hula. Haske ya shigo, iska ta biyo, sanyi-sanyi. Ya kafa hanci yana zuƙa kamar ɗan maraƙi a nono.

Daidai lokacin Gwaggo ta tashi juya shanya. Ta sa faifai tana kwasa tana sheƙewa, nan a bakin ƙofar baya, don ta fitar da ƙura da 'ya'yan da suka zube. Iskar da ake cewa zagayawa take yi, ranar ba ta zagaya ba. Ta kwaso ƙurar barkono ta kai masa har cikin ƙwaƙwalwa.

Ya toshe hanci. Ya danne. Idanu suka kawo ruwa. Ina, abin ya fi ƙarfinsa.

"Hatsiii!"

Motar har da girgiza. Kuma kun san abin da baki ya saba tun yarinta ba ya neman izini. Kafin ya ankara ya ji kansa ya ce, "Alhamdu lillahi."

Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yarhamukallahu, mota."

Ya sake atishawa, ya sake, kamar ana harba bindigar toka. Masu wucewa kasuwa suka tsaya. 'Yan majalisa suka taso, Malam Jatau a gaba da sandarsa.

"Lafiya, Tabawa? Me ke cikin motar?"

"Oho. Mai ita dai yana birni."

Tanimu ya ga ba sarki sai Allah. Ya kai baki kusa da kafa, murya a shaƙe. "Gwaggo, ni ne. Don girman Allah a buɗe."

"Kai wa?"

"Tanimu ne, Gwaggo."

"A'a. Tanimuna ya tafi birni. Kuma murfin Tanimu ko iska ba ta shiga, to ta ina barkono zai same shi?"

Aka kwashe da dariya. Malam Jatau ya ƙwanƙwasa murfi da sanda, ƙwan, ƙwan, ya ce, "Bawan Allah, ko kai waye, haƙuri za ka yi. Mabuɗin abin nan ɗaya ne tak a duniya, yana aljihun mai shi."

"Yana nan wurina, Baba Jatau. Zan miƙo."

"Ta ina? Wurin da tururuwa ke yin sallama ta koma?"

Baki dai shi ke yanka wuya. Can sai mutane suka ga wani abu na motsi a kusurwar murfi. Yatsa ya leƙo. Sai ga mabuɗi ya zuro, da zobensa, da ɗan carbin da ke rataye a jiki, duka suka wuce ba tare da sun gogi gefe ba, suka faɗo ƙasa, ƙwal.

"Ikon Allah," in ji Malam Jatau. "Wannan ai ba tururuwa ba, ɓera ma ya shiga da iyalinsa."

Gwaggo Tabawa ta sunkuya ta ɗauki mabuɗi, ta hure masa ƙasa, ta ƙulle shi tam a bakin zanenta.

"Gwaggo, a buɗe mana. Zan kai ki kasuwa. Zan kai Marka. Zan kai kowa."

"Kasuwa ta yi nisa yanzu, ɗana. In na ɗaga murfi barkonona ya zube a ƙasa, wa gari ya waya? Saura kaɗan ya bushe. Kwanta ka huta, ga iska nan na shigo maka."

Ta koma kan tabarma ta miƙe ƙafa. Sai kuma tausayin goyo ya motsa mata. Ta dubi Hansai ta ce:

"'Yar nan, ɗauko buta. Yaron nan yana jin ƙishirwa. Ki zuba masa ta inda ruwa ba ya shiga."