Rasuwar Shuɗiya, Motar da ke Ɗauko Sumie

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu naɗe cikin bandeji, dattijo Tokuji Hiura na ƙauyen Okubira yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar motarsa a-kori-kura, wadda kowa ya fi sani da Shuɗiya. Rai ya yi halinsa ranar goma sha shida ga watan Agusta da la'asar sakaliya, a ƙofar maƙabartar tsohon gari, bayan jinyar wata biyar. Ta rasu tana da shekara arba'in da uku. Tunda mai ita ba ya iya riƙe alƙalami, maƙwabciyarsa Fusako ce ta rubuta wannan takarda a madadinsa. Duk gidan da ta isa a karanta a miƙa wa na gaba, kada a danne ta da butar shayi kamar yadda aka yi wa sanarwar kwashe shara.

Marigayiya ta zo ƙauyen nan sabuwa dal a shekarar da aka haifi Kanae, 'yar Tokuji tilo. Ta yi dakon lemo da itace da buhunan shinkafa, ta hau duwatsun nan ta sauka ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ta kai mata uku asibiti suna naƙuda, ɗayarsu ma a bayanta ta haihu. Ba za a ɓoye aibinta don ta mutu ba: ba ta shiga giyar baya sai an roƙe ta, kuma duk hunturu sai an watsa mata ruwan zafi take yarda ta tashi. Amma muryarta, gidaje goma sha ɗayan da suka rage a Okubira babu wanda bai haddace ta ba. Kar-kar-kar sau uku, sai tari ɗaya, sannan ta kama: tuf-tuf-tuf-tuf, a natse, kamar tsohuwa na daka ba ta sauri.

Babban aikinta kuwa sau biyu ne a shekara. Shekara tara ke nan da rasuwar Sumie, matar Tokuji, kuma tokar gawarta na can maƙabartar tsohon gari, kilomita bakwai a saman dutse, inda yanzu babu mai kwana sai birai. Duk ranar goma sha uku ga Agusta, da bikin Bon ya kama, lokacin da mamata ke dawowa ganin gida, Tokuji yakan hau can ya kunna kyandir a kabarinta, ya sa shi cikin fitilar takarda, ya ɗora fitilar a kujerar hagu, ya gangaro a hankali don kada wutar ta mutu a hanya. Wutar nan mamaci ke bi har gida. Ranar goma sha shida kuma ya mayar da ita. Shuɗiya ce ta yi wannan jigila shekara takwas a jere, ba fashi.

Kowa ya san abin da ke rataye a wuyan motar nan, don a gaban mutane aka yi maganar, ranar cikar Sumie shekara bakwai da rasuwa. Kanae ta zo daga Osaka, ta dubi hanya, ta dubi uban.

"Baba, ba bas, ba shago, likita sai an yi tafiyar awa guda. Muddin motar nan na motsi, yi zamanka. Ran da ta tsaya, ka tattara ka taho wurina. Ba zan saya maka wata ba, kai ma kada ka fara."

"In na taho, wa zai riƙa ɗauko uwarki?"

"Baba, Inna ta san hanya."

"Uwarki? Matar da ta ɓace a cikin kasuwa?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce ya yarda. A ransa ya tabbata motar ce za ta binne shi, ba shi zai binne ta ba.

Ciwon ajali ya faro da bazara. Farko wari ne kawai, warin fetur da ke tarar mutum tun daga bakin rumfa. Sai kuma ɗigo a ƙasa, kullum da safe, faɗinsa kamar tafin hannu. Daga nan numfashinta ya rikice. Idan tana tafiya lafiya lau take, amma da an tsaya an ɗaga ƙafa daga totur, sai ka ji tuf-tuf, tuf, tuf, ta yi rawar sanyi ta yi tsit. Tokuji ya koyi taka birki da ƙafar hagu, ta dama na kan totur, kamar mai jijjiga jariri don kada ya farka.

Likitanta shi ne Genzo bakanike, sa'an Tokuji tun suna firamare, wanda ya rufe garejinsa shekara goma da suka wuce amma bai rufe bakinsa ba. Ya kwance kafireto, ya baje kayan cikinsa a kan jarida, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙwai ya girgiza shi a kunnen Tokuji. Aka ji ruwa na motsi a ciki.

"Ka ji? Wannan shi ya kamata ya riƙa yawo a kan mai, in kwanon kafireto ya cika ya tura allura ta toshe ƙofa. Ya huje, ya sha ya ƙoshi, ya nutse. Allurar ma ta cinye. Mai na ta shiga ba mai ce masa ya isa, rabi ya shaƙe injin, shi ya sa ba ta da silo, da an tsaya sai ta mutu, rabi ya biyo ta gefe ya zuba. Ga fakin da ke hana yoyo ya bushe ƙayau kamar fuskarka."

"To a sayo sabo."

"A ina? Waɗanda suka ƙera shi duk suna maƙabarta. Ko in mun je Bon ka tambayo mana su?"

Duk da haka ya yi abin da zai iya. Ya tsiyaye ɗan ƙarfen, ya liƙe hujin da dalma, ya goge allura, ya yanko sabon fakin daga kwalin kalanda. Ya ɗaure sukurun silo har ƙarshe, ya warware shi zagaye ɗaya da rabi, ya kara kunne a jikin injin yana lumshe ido. Shuɗiya ta samu sauƙi, har aka fara yi wa Tokuji barka. Sati biyu cif, ɗigon ya dawo. Aka sake, ya sake dawowa. Sau huɗu ana kwance kafireton nan, tun Genzo na zagi har zagin ya ƙare masa.

Ana saura kwana biyu Bon, Genzo ya zo da fitila irin ta yanzu, mai batir, wadda ƙwanta ke kaɗawa kamar wutar gaske.

"Toku, ungo. Kowa ita yake ɗauka yanzu, har malamin haikali. Kada ka kuskura ka shigar da wuta cikin motar nan. Ko taba aka kunna kusa da ita, sai dai a tsinci haƙoranka a gari na gaba."

Tokuji ya juya ta, ya danna, ya kashe, ya miƙa masa abarsa.

"Sumie ba ta san wannan ba. Shekara takwas tana bin wuta, rana ɗaya in je mata da tocila? In ta leƙo ta ga ba ita ba ce, ta koma fa?"

"Kai dai taurin kanka ne zai kashe ka, tsoho."

"Ai kai ka girme ni da wata huɗu."

Akwai abin da Tokuji ya daɗe yana faɗa, Genzo na yi masa dariya. Wai duk shekara, da ya ɗora fitila a kujerar hagu ya zagaya ya zauna, sai muryar injin ta yi ƙasa, ta yi nauyi, kamar an ƙara mata kaya. Ranar mayarwa kuma, da ya buɗe ƙofar hagu ya ɗauke fitilar, sai muryar ta ɗaga, ta koma wasai. Da haka yake sanin ta shiga, da haka yake sanin ta sauka. Genzo ya ce gangara ce: mota in ta karkace, man cikin kwano ya karkace, dole silo ya canza. Tokuji ya ce yakan je sharar kabari a wasu ranaku, gangarar ba ta tashi daga wurin ba, amma injin bai taɓa yin haka ba. Mai wannan rubutu ba ta san kan inji ba, sai dai ta taɓa raka shi sau ɗaya a bayan mota, kuma tun daga ranar ba ta sake yin dariyar ba.

Ranar goma sha uku ya hau da kyandirinsa, tagogi a buɗe, ya sauko lafiya. Kwana uku gidan na ƙamshin turare, ya dafa mata kabewa yadda take so, ana jin sa ta katanga yana ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya ƙaura. Bai ɓoye mata rashin lafiyar motar ba. Shi da kansa ya ce wataƙila kuskurensa ke nan.

Ranar goma sha shida da la'asar suka hau. A ƙofar maƙabarta ya ja birkin hannu, ya bar injin a kunne don ya san in ta mutu ba lalle ta tashi ba. Ya zagaya, ya buɗe ƙofar hagu, ya ɗauki fitila, ya ce, "Mun iso." Ya tsaya yana saurare. Muryar ba ta ɗaga ba. Tuf, tuf, tuf, da nauyinta, kamar yadda suka taho.

"Sauka mana, Sumie. Baɗi zan dawo."

Bai yi ƙarya da gangan ba, amma ya ce ko shi bai ji maganar ta zauna a bakinsa ba. Injin ya yi tuf ɗaya, ya yi tsit. Warin mai ya turnuƙe wurin. Hankalinsa ya tashi, ya manta da komai sai motar. Ya ajiye fitilar a ƙasa ya ɗaga bonet, bai lura man ya riga ya biyo gangara ta ƙarƙashin motar ba. Man ya cim ma fitilar, wuta ta kama. Iska ta taso daga kwari, ƙofar hagu ta rufe kanta, gam. Wannan ce kalmar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiya.

An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, an kuma ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma duka biyun an faɗe su a ƙauyen nan a makon da ya wuce. Amma masu faɗar su sani, ba wajen kashe wuta Tokuji ya ƙone ba. Wutar ba ta ko taɓa rigarsa ba da farko. Komawa ya yi ya kama marikin ƙofar hagu da hannu biyu yana ja, ƙofar ta cije, yana ja yana kiran sunan matarsa, har hayaƙi ya kayar da shi. Wani mai yankan itace da ya hango hayaƙin shi ya janye shi. Kafin 'yan kwana-kwana su hauro, an gama. An ƙone Shuɗiya kamar yadda ake ƙone duk wani mai mutunci a ƙasar nan, sai dai ba a jira malami ba.

Tokuji ba ya kukan motar, ba ya kukan Osaka. Abu ɗaya ke cinsa, kuma duk wanda ya je duba shi sai ya tambaye shi: ta sauka ko ba ta sauka ba? Kanae ta ce masa, "Baba, babu kowa a ciki." Ya ce, "Ke kika ji injin ko ni?" Ta ci gaba da ninke kayansa cikin kwali.

Marigayiya ta bar mai ita, wanda zai tashi zuwa Osaka ranar ɗaya ga Oktoba. Ta bar likitanta Genzo, wanda ya hau dutsen washegari shi kaɗai, ya tono abin da ya rage na kafireto daga cikin toka da tsinken cin abinci, kamar yadda ake tsince ƙashin ɗan'uwa bayan an ƙone gawa, ya kawo shi a gwangwanin shayi. Ta bar tayar safaya da aka manta a rumfa, da makulli na biyu, da tabon mai a ƙasa wanda ruwan sama uku bai wanke ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe uku na rana, a inda ta faɗi, domin gawar na nan ba a ɗauke ta ba. Mai son zuwa ya tsaya a bakin gada, za a cika motoci biyu. Ba a buƙatar furanni, ba a karɓar ambulan ɗin kuɗin ta'aziyya. Malamin haikali zai yi karatu, za a binne gwangwanin a gefen kabarin Sumie, mai kwashe tsoffin ƙarafa kuma an ce masa kada ya iso kafin ƙarfe biyar.

Bayan karatu, Genzo, wanda har yau yake cewa gangara ce, zai sa ƙarfe ya ɓalle ƙofar hagu. Shi ya nemi a ba shi aikin. Ana roƙon jama'a su ja baya daga wannan gefen, su bar hanya har zuwa kabari, kada kowa ya yi magana, kada kuma a duba agogo. Sumie takan cire takalmi in ta shiga mota, kuma neman su na ɗaukar ta lokaci.