Kaskon Turarena da Shuɗayen Agwagin Hadija

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Harajin Hayaƙi da Ƙazanta,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan hancinka yana lafiya, ina sanar da kai takardarka ta iso. Na karanta shafi taran duka, da Faransancinsu. Doka ce mai kyau: kowace sana'a ta biya haraji gwargwadon cutar da take yi wa jama'a. Ina ta murna har na kai shafin ƙarshe, na ga ni Tasalla mai haɗa turaren wuta an sa ni a ajin ja, na waɗanda suka fi cutar da jama'a. Ko in biya harajin da ya fi ƙarfin shagon, ko ranar Litinin a sa masa kwaɗo.

Na ɗaya. Ma'aikacinka ya zo ranar da nake turara kayan auren Najiba, ɗiyar maƙwabciyata. Kasko huɗu ke ci, kamar yadda ake yi wa kowace amarya. Ya shaƙa, ya lumshe ido, ya rubuta "hayaƙi mai yawa", ya tafi da kwalba guda don bincike. Ina fata madam ɗinsa ta ji daɗin binciken. A gaya mata ta rage garwashi.

Na biyu. Takardar da yake cikewa gurbin hayaƙi kawai gare ta. Kamfanin fentin da ke bayan layinmu ba ya hayaƙi, Allah ya saka masa. Bututu ya bi da shi ta ƙarƙashin katanga zuwa kwatarmu, ya shafa wa katangar kore, kuka sa shi a ajin kore. Da ruwan Agusta ya cika kwatar, agwagin Hadija ta layinmu suka fita farare suka dawo shuɗaye. Biyu sun mutu, sauran kuwa yara na zuwa kallonsu tun daga unguwar Bépanda. Su a wane aji suke, ranka ya daɗe?

Na uku. Da, amare da masu jego ne kaɗai cinikina. Tun da bututun nan ya fara aiki, har masu babur na bakin layi suna saye, mai kemis ma sau biyu a mako. Kana ganin duk aure za su yi?

Ga roƙona. Ka zo da kanka ranar Asabar bayan azahar. Zan shimfiɗa maka darduma a benci, in kawo shayi, in kashe kaskona kamar yadda doka ke so. Ba abin da zai shiga tsakaninka da warin kwatar. In ka kai la'asar a zaune, ni zan sayo kwaɗon, in miƙa maka makullin da hannu biyu.

In kuwa ka nemi a kunna, zan kunna. Sai dai ka riƙe alƙalaminka kusa, don gyara ajin.

Taka mai biyayya, mai ajin ja,

Hajiya Tasalla Abdulsalami
Mai turaren wuta, New Bell, Douala