Lidon da Na Kai Garou

Zamanin mulkin soja ne, ina neman Hadiza, 'yar wani manomin albasa a Garou. Littattafan soyayya na kasuwa sun tabbatar mini cewa mai son yarinya sai ya fara sace zuciyar gidansu. Sai na sayi lido a kasuwar Malanville, wasan da yaro da tsoho za su koya a zama ɗaya. Tun a kan keke nake hango yatsuna da nata suna haɗuwa a kan allo, tana sunkuyar da kai.

Abu ɗaya littattafan ba su faɗa ba: budurwa ba ta zama kusa da saurayinta gaban manya. Ina shimfiɗa allon Hadiza ta ruga ɗaki. Babanta ya tuna da gona. Kakarta, Inna Gambi, ta gyara zama.

"Taho, angona, gwada min wanga abu."

Na koya mata cikin isa, kamar malamin lakwal, wato makarantar boko. Kafin la'asar ta cinye ni tana guɗa.

Daga ranar, duk yammacin da na jingine keke, ita ke tarbata da allo a hammata. In na tambayi Hadiza sai ta ce, "Tana daka. Jefa!" Damina guda na yi ina zance da tsohuwa marar haƙori.

Hadiza dai na aure ta, da ƙyar. Amma har yau in na sauka Garou, da furfurata, sai wani ya ɗago daga cikin albasa: "Angon Inna! Ka taɓa cinye ta a lido kuwa?"

Ban taɓa ba.