Lamba Sittin da Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba, ko da na so in manta, domin mutanen shagon askin Woolwich sun ɗauki alkawarin tuna mini har in koma ga Mahaliccina.

A shagon nan, inda 'yan Arewa muke haɗuwa ran Asabar, ba a kirana da sunana. Koci ake ce mini. Ban taɓa horar da ko 'yan firamare ba, direban bas ne ni, shekara goma sha tara ina zagaya kudancin London. Amma da zarar an kunna ƙwallo a talabijin, ni ne mai faɗin wanda za a cire da wanda za a sayar, kuma ina da hujja, don na buga lamba bakwai a ƙungiyar unguwarmu a Kano. (Kakar wasa biyu ce kawai, ɗayar ma a benci na ƙare ta, amma wannan ba ya cikin tarihin da nake bayarwa.)

Ina da ɗa, Mustafa, shi ne na fari. Wanda ya tashi a gida ya san yadda ake yi da ɗan fari: ba ka kama sunansa, ba ka yabonsa a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da lamarinsa ko da zuciyarka tana kansa. Mahaifina har ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba, "kai" nake, ko "wancan". Wannan kunyar na ƙunso ta cikin kayana na kawo London. Uwarsa Hadiza kuwa tun a filin jirgi ta ajiye tata, tana kiran sunansa gatsau kamar ƙaninta. Ni dai "yaron nan" nake cewa, ina ganin tarbiyya nake riƙewa.

Da yaron nan ya shiga jami'a a Bloomsbury sai ya faɗa ƙungiyar ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita ana bangaje juna. Da ya gaya mini, cewa na yi wannan ai dambe ne da hular kwano, ban ƙara tambayar komai ba. Shekara biyu yana gayyatata kallo, shekara biyu ina fakewa da aiki. Abin da kawai na lura da shi shi ne buhun shinkafa ya daina kai mana wata duk lokacin da ya zo hutu. A shekararsa ta ƙarshe ya same ni a falo, ya ce da Turancinsa (Hausa yana ji sarai, amma da Turanci yake mayarwa) wasa uku ya rage masa ya gama har abada, yana so in zo ko ɗaya. Yadda ya faɗa yana kallon kafet ya sa na ce to.

Ranar Hadiza tana da aiki a gidan kula da tsofaffi. Tana sa takalmi ta tambaye ni ko na san lambar rigarsa. Na ce haba Hadiza, kaza ma tana gane 'ya'yanta. Ta dube ni, ta fita. Ni kuma da ma tun jiya da yamma na kalli bidiyon wasan a waya na kusan minti arba'in, don haka a ganina na gama zama malami.

Filin yana can bayan gari, jirgin ƙasa ɗaya da bas ɗaya. Na isa a makare, an riga an fara, ga yayyafi yana jiƙa mini tabarau. 'Yan kallo ba su kai hamsin ba, duk a tsaye bayan wani ƙarfe, kusa da fili har kana jin numfashin 'yan wasa. Su kuwa 'yan wasan kowa ya ɗora kafaɗun roba, ya sa hular kwano mai ƙarafa a fuska, da safar hannu, ba suna a riga sai lamba. Duk sun koma kamar 'ya'yan mutum ɗaya.

Na tarar da gardama ta kaure a wajen magoya bayan ƙungiyarmu. Ashe a wasan nan hanya biyu ce ta ciyar da ƙwallo gaba: ko a jefa ta sama wani ya cafe, ko a danƙa wa mai gudu ya rungume ta ya kutsa, ƙarti biyar na gaba suna ture abokan hamayya su buɗe masa hanya. To ƙungiyarmu tun farkon kaka gudun ya ƙi. Duk wanda aka ba ƙwallo, taku biyu sai ka ga an danne shi. Wata dattijuwar Baturiya mai filas ɗin shayi ta rantse laifin koci ne, wai dabara uku kawai ya sani, har karenta ya haddace su. Wani tsohon ɗalibi mai jan gemu ya ce a'a, a daina gudun ma gaba ɗaya a koma jifa. Ina jin su ina kaɗa kai, bakina yana ƙaiƙayi.

Sai na ji wani a gefena ya ce "kash" irin namu. Na yi masa sallama, ya amsa da fara'a. Malam Isaka ne, mutumin zangon Kumasi ta Ghana, yana zaune a Deptford, dattijo mai lema da kujerar naɗewa, alamar ya saba zuwa. Ya tambaye ni ko ni ma yarona yana ciki. Na kaɗa hannu wajen fili ban nuna kowa ba, na ce e to, akwai wani nan. Shi ma bai matsa ba.

Ana cikin haka aka ba lamba ashirin da biyu ƙwallo. Ya zame wa mutum ɗaya, ya karya ƙugu ya kauce wa na biyu, kafin na uku ya kayar da shi. Daɗi ya kama ni. Wallahi na ga kaina a filin unguwarmu, har yadda yake ɗan jan ƙafar hagu. Na ce a raina shi ke nan, ga yaron nan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, ni da jini ya riga ya gaya wa?

Ban gama jin daɗin ba sai Malam Isaka ya yi tsaki ya ce duk matsalar gudun nan daga ashirin da biyu take. Wai yaron ba shi da haƙuri, ba ya jira hanya ta buɗe, sai ya afka bayan mutanensa kamar akuyar da aka kora. Raina ya ɓaci. Kunya ta hana ni cewa ɗana ne kake zagi, don haka na nemi wanda zan jibga wa laifin, kuma ban sha wahalar samu ba. A cikin ƙartin gaba akwai wani lamba sittin da huɗu, jibgege, tun da na zo bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. (Daga baya na ji cewa ba aikinsa ba ne ya taɓa ta. Bidiyon minti arba'in bai kai nan ba.) Kowane zagaye sai in ga mutum biyu sun tura shi baya, wani lokaci ya zube a taɓo.

Nan Koci ya tashi. Na juya ga Baturiya da mai jan gemu na yi musu lacca da Turancin direban bas: mai gudu ba shi da laifi, zinariya ce a hannunku ba ku sani ba, ku dubi sittin da huɗu, shi ne ƙofar da aka bari a buɗe. Mai gemu ya ce yaron yana fama da mutum biyu ne shi kaɗai. Na ce uzuri ne. Malam Isaka ya ce in yi a hankali, yaron kirki ne, yana ƙoƙari. Na ce ƙoƙari a gidan su wa, ni da zan zama koci ko ruwa ba zai ɗauko wa 'yan wasa ba. Har wasu suka fara gyaɗa mini kai, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Saura kaɗan a tashi, ana binmu da 'yar tazara, aka kawo wasan dab da inda muke tsaye. Aka ba ashirin da biyu ƙwallo, sittin da huɗu ya sulɓe ya faɗi a gabansa, aka danne su duka. Ni kuwa na kama ƙarfen nan na ɗaga murya da Hausa, don a tunanina a wannan dajin ba mai ji sai ni da Malam Isaka da yaron nan.

"Kai sittin da huɗu! Buhun masara kawai! Ubanka bai koya maka tsayuwa da ƙafarka ba ne?"

Sittin da huɗu yana durƙushe, ya juyo da hular kwanonsa wajena, ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙe ya koma layi. Na ce wa Malam Isaka ka gani, ko bai ji yaren ba ya ji saƙon.

Aka tashi an cinye mu. 'Yan wasa suka nufo wajen iyaye. Na gyara hula, na shirya fuskar da zan tarbi ashirin da biyu da ita, wadda ba yabo a cikinta amma ba ɓacin rai. Ya iso, ya cire hular kwano. Wani yaro ne da ban taɓa gani ba a duniya, da wushirya. Ya wuce ni ya rusuna wa Malam Isaka ya ce, "Baaba." Ashe dattijon ɗansa yake ta kushewa tun ɗazu, ni kuma ina ta tare wa ɗan wani faɗa.

Ban gama haɗiye wannan ba na ga sittin da huɗu a gabana, taɓo har wuya. Ya sa hannu biyu ya zare hular.

An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ni dai na yi ban sani ba. Mustafa ne, da idanun uwarsa, gumi da ruwan sama suna bin fuskarsa. Na so ƙasa ta tsage. Na so a ce motar da nake tuƙawa ta zo ta bi ta kaina.

Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗan rusuna ya gaishe ni, sannan yaron da rabon in ji jimlar Hausa a bakinsa tun yana firamare ya dube ni ya ce a hankali, da harshensa na 'yan London:

"A'a, Baba. Bai koya min ba."

Malam Isaka ya dube shi, ya dube ni, ya tafa hannu. "Ashe kai ne baban Mustafa? Shekara biyu ni ke kai yaro nan tasha bayan wasa. Na ɗauka baban shi yana Najeriya." Bai faɗa da mugunta ba, shi ya sa ta fi shiga. Baturiyar nan ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta duba fuskata ta zuba shayi a murfin filas ta miƙo mini, kamar yadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

A jirgi muka dawo tare da Mustafa, jakarsa a tsakaninmu. Da ya ɗaga hannu zai riƙe ƙarfe na ga ya cije leɓe, na tambaye shi, sai ya ja wuyan riga na ga kafaɗar a naɗe da bandeji. Ashe wanda ke tsayawa kusa da shi a layin gaba ya karye tun farkon kaka, aka sa sabon shiga, shi ya sa yake tare nasa mutumin ya kuma tare na maƙwabcinsa. Ya ce aikinsa ke nan, ya buɗe hanya wani ya wuce. In ya yi daidai ba mai ambatonsa, sunan mai gudu ake kira. In ya kuskure sau ɗaya kowa ya san lambarsa. Ya ɗan yi murmushi ya ce aƙalla yau na san ta.

Ban iya cewa ka yafe mini ba. Uba Bahaushe ne ni. Abin da na iya shi ne da muka zauna cin abinci na kwashe naman kwanona kaf na zuba a nasa. Hadiza ta dawo daga aiki ta ga haka, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko kazar ta gane ɗanta. Mustafa ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ni ban yi dariya ba, amma na ji sanyi da ya yi.

Wasa biyun da suka rage na je da wuri, awa guda kafin a fara, na tsaya kusa da kujerar Malam Isaka. Gudun dai bai gyaru ba, kuma har yau Baturiya tana kan bakanta cewa koci ne. Da aka tambayi ra'ayina na ce ni baƙo ne, kallo na zo yi. A wasan ƙarshe sittin da huɗu ya kwashe mutum biyu ya zubar, ɗan Malam Isaka ya bi ta ramin ya wuce har ƙarshen fili. Kowa yana kiran sunan mai gudu. Ni kuwa na kama ƙarfen nan, na rufe ido kamar mai shan maɗaci, na kira sunan da shekara ashirin da ɗaya ban kira ba. Ya juyo ya ɗaga mini hannun da ba ya ciwo.

Asabar ɗin da ta biyo baya Malam Isaka ya ga dama ya zo aski Woolwich, duk da shagunan da ke Deptford. Tun daga ranar ba wanda ya sake ce mini Koci. Baban Buhu nake, kuma ina amsawa.

Abin da na koya bai da yawa. Har gobe ina gardamar ƙwallo, hali zanen dutse ne. Amma yanzu kafin in tambayi wani yaro abin da ubansa ya koya masa, sai na fara bincikawa ko ni ne uban.