Kwale-kwalen roba a cikin daro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai na'urata wata lakwal, wato makarantar boko, a Gaya ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Na'ura ce mai narkar da zaren roba ta gina duk abin da ka zana mata a ordinata, wato kwamfuta. Daga Yamai na taso, kuma tun a bakin ƙofa diraktan lakwal ɗin ya yi mini gwari-gwari: in yara sun so abin, zai ba ni kilas kowane mako, in ba su so ba in koma inda na fito. (Inda na fito kuwa babu aikin da ke jira na.)

Na ce ai garin kogi ne, bari in burge su da jirgi. Na'ura ta yi ta zuzu, yara sun zuba ido, har ɗan kwale-kwale ya fito. Na sa aka kawo daro cike da ruwa, na ɗora kwale-kwalen a kai, na fiddo ƴan mutanen roba da na yi tun a gida, na shiga lodi. Kaina ya kumbura. Har kwaikwayon masu jirgin da ke kiran fasinjan garin tsallaken kogi nake: "Malanbil! Saura mutum ɗaya, a matsa!"

Madam Hadiza, malamar kilas ɗin, ta ce a hankali, "Mushe, ya isa hakanan." Ban ko dube ta ba. Na ƙara mutum biyu, jirgi ya kife.

Na tafa hannu na ce, "To, duka sun sha ruwa!" Na ƙyalƙyale da dariya, ni kaɗai.

Wata ƴar yarinya ta taso daga layin gaba, ta tsoma hannu cikin daro, tana tsamo mutanen ɗaya bayan ɗaya, tana goge su da hijabinta tana jerawa bisa tebur. Can baya wani yaro ya fashe da kuka. Madam ta ja ni waje ta ce, "Tun da aka rufe gadar Malanbil, a jirgi ake ƙetarawa. Kwanakin baya wani ya kife da iyayen wasunsu. Wannan yarinyar, har yau ba a ga gawar babanta ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dirakta dai ya taya ni ɗaukar na'urar har bakin hanya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

An ce baƙo makaho ne ko da idonsa, to tawa makantar har da baki gare ta. A da, in na shiga lakwal, tambayata ta farko ita ce ko akwai kuran, wato wutar lantarki. Yanzu sai na tambayi wa aka rasa a garin.