Allura a Ƙugun Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai surukata, Inna, ɗaukar hoton ƙashi. Tun da muka dawo unguwarmu ta Lokuwa daga gudun hijira, bayan ta taka duwatsu da ƙafa har iyakar Kamaru, ƙugunta bai ƙara barinta ta yi sujada ba. Tsoronta ɗaya, kada ta ƙarasa rayuwarta a kwance.

A ɗakin hoton aka ce ta kwance zani. Ta dubi saurayin da ke ɗauka ta ce, "Ɗan nan, na yi jika da kai. Ɗauki a haka ko ka bari." Haka ya ɗauka.

Da likita ya ɗaga hoton ga haske, sai na ƙura masa ido. Ga kan ƙashin cinya zaune a gurbinsa kamar taɓarya a turmi, aikin Ubangiji da ido bai taɓa gani ba. Ina cikin tasbihi sai na hango wani siririn abu fari fat, kwance a gefen ƙashin. Allura.

"Innalillahi. Likita, jifa ne, an yi wa Inna jifa." Na kama Falaƙi da Nasi ina tofa wa hoton (ni da na zana kwarangwal a sakandare, har da yabon malami). Masu jiran layi suka fara leƙe.

Likita ya goge hotonsa ya dubi Inna ya ce, "Hajiya, wa ke ɗinki a gidanku?"

Inna ta laluba ƙugunta ta zaro allura da koren zare. Zanin da ke jikinta nawa ne, na ara mata da safe, kuma a bakinsa nake soke allura in ina ɗinkin hula.

"To likita," in ji Inna, "ga mai jifan nan a tsaye."

Bayan dariya ta lafa ya nuna mana ainihin ciwon. Ɗan sararin da ke tsakanin ƙasusuwan ya matse, guringuntsi ya cinye, ƙashi ya yi tsiro a gefe. Ɗaya ƙugun ma kansa bai cika zagaye ba, sai an kula kada ya bi sahu. Amma ba maganar kwanciya: magani, sanda, motsa ƙafa, salla a kan kujera. Inna ta yi hamdala har da hawaye.

Ashe wannan ɗan sararin ke riƙe da sujadar mutum, ban taɓa gode wa Allah a kansa ba. Yanzu ina godewa. Kuma kafin in zargi 'yan unguwa, nakan fara laluba zanina.