Gimbal Ɗina da Walimar Bankwanan Darakta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi wa Daraktanmu walimar bankwana ba. Ko da ni na so in manta, mutanen ofishinmu ba za su bar ni ba, don har yau akwai waɗanda in mun haɗu a matakala sai su sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen mulki na wata hukumar tarayya da ke Garki. Aikina bai wuce ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba, in an sa hannu in dawo da shi. Shekarun nan ne da Abuja ke tashe, gini na tashi ta ko'ina, kullum ana taro a otal, kowane taro kuma sai an ɗauki bidiyo. Ni kuwa idona na kan sashen yaɗa labarai, domin su ne masu bin manya Legas da Kalaba, su dawo suna ƙamshin jirgin sama, mu muna warin tsohuwar takarda. Na ƙudurta a raina ko ta halin ƙaƙa sai na koma can. Matsalar ɗaya ce: ban taɓa koyon ɗaukar hoto ba. Abin da na mallaka shi ne waya mai kyau, da yarda da kai wadda ta fi ƙarfin iyawata.

Wata Asabar na shiga kasuwar Garki neman caja, sai na faɗa shagon Alhaji Sabo, wani mutumin Kano mai sayar da kayan waya. Nan na ga abin a rataye. Wata sanda ce baƙa mai mariƙi, da wuya mai lanƙwasa kamar na zalɓe, a samanta akwai inda ake maƙala waya.

“Alhaji, wannan fa?”

“Gimbal ke nan, ranka ya daɗe,” in ji shi. “Ka sa wayarka a nan, ko gudu kake yi hoton ba zai girgiza ba. Ko a kan acaɓa kake, a hanyar ƙauyenku.”

Ya maƙala wayata, ya kunna. Sai na ga abin ya miƙe da kansa, ya daidaita wayar cak, kamar mai rai. Na karkata hannu dama, wayar na nan yadda take. Na karkata hagu, ko gezau. A take na ji na zama wani. Na nuna wani maɓalli da ke ƙarƙashin mariƙin, daidai inda ɗan yatsa ke kwanciya, na ce wannan na mene ne?

Alhaji Sabo ya juya shi, ya sake juyawa. “Wallahi ni ma ban sani ba. Amma yana aiki.”

(Takardar bayanin da ke cikin kwalin da rubutun mutanen Sin take, sai wani ɗan Turanci a gefe wanda ya fi na Sin ɗin wuyar ganewa.)

Na haɗa da wata 'yar fitila da ake ɗaurawa a saman wayar, mai kai da ke juyawa gaba da baya, na yi gida Jikwoyi ina jin kamar na sayo takardar ƙarin girma.

Daga ranar gidanmu bai sake samun lafiya ba. Na ga masu wannan sana'a suna tafiya da gwiwa a lanƙwashe, a hankali, don kada takunsu ya shiga hoto, ni ma na ɗauka. Na bi matata Bilkisu daga kicin zuwa igiyar shanya ina tafe kamar agwagwa. Na bi 'yarmu Ummi har banɗaki sai da aka koro ni. Na bi awakin maƙwabcinmu har bakin kwata.

“Baban Ummi,” Bilkisu ta ce mini wata rana, “in ciwon baya ne ka faɗa mu je asibiti. Matan layin nan sun fara yi mini jaje.”

Ban kula ta ba. A ofis kuwa ban bar kowa ya huta ba. Na riƙa yawo da shi a baranda ina gaya wa mutane cewa wannan na'ura ba ta bukatar a kalle ta, kai dai ka saita, ka bar ta da aikinta. Na faɗi wannan magana a gaban mutane da yawa. Ina roƙon mai karatu ya gafarta mini.

Ana haka sai lokacin ritayar Daraktanmu ya zo. Dattijo ne mai kirki, ba ya faɗa, ba ya zagi, amma in ya riƙe lasifika sai wanda Allah ya ba haƙuri. Yana da wata ɗabi'a: in ya ce “a taƙaice dai”, to ka gyara zama, yanzu aka fara. Wadda za ta gaje shi kuwa wata Hajiya ce da aka turo daga ma'aikatarmu ta sama, mai gilashi a kan hanci, ba a cika ganin haƙoranta ba. Kowa ya san da ta zauna za ta yi wa ma'aikata sauyin wuraren aiki.

Madam Grace, shugabar sashenmu, ita ke shirya walimar. Ta daɗe a Abuja, tana jin Hausa, sai dai ba ruwanta da wane ne namiji wace ce mace a cikin magana. Ta kira ni ofishinta.

“Wannan sanda naka, ta iya aiki da gaske? Mutanen labarai duka ya tafi Legas da babban Oga na hukuma. Kai za ta ɗauka mana.”

Na ce, “Madam, ba ma ɗauka kawai ba. Kai tsaye za a riƙa gani a babban allo.”

Ba ta tambaye ni wannan ba. Ni na ƙara da bakina.

Ranar walima na sa shaddata fara, wadda nake ajiyewa don Sallah. A wani ɗakin taro ne na otal a Jabi, kusa da tafki. Na isa da wuri ban ci komai ba, saboda zumuɗi. Mai kula da na'urorin wurin ya haɗa wayata da majigi ta iska, duk abin da kyamarata ta gani sai ya fito a wani ƙaton allo da ke gefen dandamali. Da baƙi suka fara shigowa na lanƙwashe gwiwa na shiga aiki. Gaskiya kuma, a farkon nan na burge. Na bi Darakta daga bakin ƙofa har kujerarsa, hoto sumul kamar ana zuba mai. Na ji wani yana cewa, “Ashe yaron nan ya iya.” Na ga Hajiya mai jiran gado ta kalli allon, ta kalle ni ta saman gilashi, ta ɗan gyaɗa kai. A zuciyata na riga na zaɓi kujerar gefen taga a jirgin Kalaba.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, sannan Darakta ya tashi da takardunsa. Na matsa kusa da dandamali na tsaya daidai ƙarƙashin allon, ya zama yana bayana, sama da kaina. Na kunna 'yar fitilata na haska shi. Ya kare ido da hannu.

“Mai hoto, kawar mini da wutar nan, ba na ganin rubutu.”

Maimakon in kashe, sai na murɗa kanta ta juyo baya, wajena. (Ban san inda ake rage ta ba, kuma ba zan tsaya lalube a gaban manya ba.) Hasken ya riƙa dukan fuskata, don haka na daina kallon wayar gaba ɗaya. Ai na riga na saita ta a kan Darakta.

Ya fara daga shekarar da aka ɗauke shi aiki. Ya bi ta kowane gari da aka taɓa tura shi, da sunan kowane direba. Hannuna ya fara sagewa, sai na sauke mariƙin na jingina gindinsa a kan cikina. Cikin kuwa sai ƙugi yake. Ɗan yatsana na kan maɓallin nan da Alhaji Sabo bai san aikinsa ba, ina ɗan daddanna shi don rage gajiya, kamar yadda mutum ke wasa da biro. Daga baya na gano aikinsa: in ka danna shi a jejjere, kyamarar baya sai ta mutu, ta gaba ta kama. Wato mai kallon wanda ke riƙe da ita.

Daidai nan wata ma'aikaciyar otal ta gifta ta gefena da faranti cike da soyayyar kaza, za ta kai teburin manya. Na duba dama, na duba hagu. Idon kowa na sama, wajen allo. Na ce a raina, madalla, aikina ya ɗauke musu hankali. Na miƙa hannun hagu na zari cinya guda.

Sai na ji dariya ta ɗan tashi a ɗakin. Darakta bai ɗago ba, amma ya yi murmushi, don a lokacin yana ba da labarin yadda motarsu ta taɓa maƙalewa a taɓo. Ya ɗauka labarin ne ya yi daɗi, sai ya ƙara masa tsawo. Ni ma haka na ɗauka. Na kai cinyar baki na yage ta, mai na bin haɓata. Na tsotse ƙashin. Na rasa inda zan jefa shi, sai na sake shi a cikin tukunyar fulawar da ke kusa da ni. Dariya ta ƙaru.

Da mai farantin ta dawo, ragowar na ciki, na sake zarar wata. Wannan karon na tuna da gida. Na naɗe ta a takardar goge hannu da hannu ɗaya, da taimakon haƙora, na cusa a aljihun farar shaddata, na ɗan daddaɓa aljihun don ta kwanta. Wani daga baya ya yi tafi. Na ga Madam Grace tana ɗaga mini hannu da ƙarfi, tana nuna sama. Na ɗauka yabo ne. Na ɗaga mata babban yatsa.

Sai Darakta ya ce, “A taƙaice dai…”

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma na saba kwaikwayonsa a ofis in ba kowa, bakina ya riga ya saba. Na lumshe ido, na karkata kai, na motsa leɓe tare da shi ba sauti: a taƙaice dai. Na kuma juya idanu sama kamar mai neman agaji daga silin.

Ɗakin ya fashe. Ba dariyar ladabi ba, irin wadda mutum ke dukan tebur yana tari. Wani babban jami'i da ban taɓa ganin ya yi murmushi ba ya cire hula yana share hawaye da ita. Sai a lokacin Darakta ya ɗago daga takardarsa. Ya kalli jama'a, ya bi inda suke kallo, ya tsaya a kan allon da ke bayana. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire gilashinsa, ya matso da lasifika.

“Mai hoto,” ya ce a hankali, “in ka gama da kazar, a dawo mini da fuskata. Yau ce ranata ta ƙarshe.”

Na waiwaya. Ban ga fuskata a allon ba, domin na juya, ƙeyata na gani, faɗinta kamar ƙofar gareji. Na juyo da sauri na kalli wayar ta cikin hasken, sai ga ni. An ɗauko ni daga ƙasa, hancina a buɗe kamar rijiyoyi biyu, leɓena na ƙyalli, fitilar da na saya da kaina ta haska kowane ɗigon mai. Hoton kuwa tsaf, ko ɗan motsi babu. Jikina duka rawa yake, amma gimbal ya riƙe fuskar nan cak a gaban jama'a. Abin da Alhaji Sabo ya yi alkawari, na'urar ta cika.

Na shiga danne-danne. Wayar ta juya tsaye, ta koma kwance, ta leƙa aljihuna inda mai ya riga ya zana taswira a kan shadda, sannan ta dawo kan hancina. Sai da mai kula da na'urori ya kashe majigin daga can baya.

Ban san yadda aka ƙare walimar ba. Na dai tuna da zan fita, Darakta ya kira ni, ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce shekara da shekaru yana jawabi, bai taɓa samun masu sauraro irin na yau ba. Da takardar sauyin wuraren aiki ta fito, ina nan a sashen mulki inda nake, sai dai an ƙara mini wani nauyi: an sa ni a kwamitin abincin taruka. Madam Grace ta ce Hajiya da kanta ta faɗi sunana, wai ta lura ina da sha'awar fannin.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, kafin motar haya ta fitar da ni daga cunkoson Nyanya, wani da ya ɗauki allon da wayarsa ya riga ya tura bidiyon a guruf ɗin ofis, daga nan ya tsallaka guruf ɗin matan ma'aikata. Na shiga gida na yi sallama ƙasa-ƙasa. Bilkisu ta amsa, ta karɓi jakata, ta kawo mini ruwa. Har na fara murna ba ta gani ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye tuwo da miya, sannan ta ajiye wani ƙaramin faranti wanda babu komai a ciki, ta turo shi gabana.

“Wannan fa?” na ce.

“Na cinyar ne, Baban Ummi. Tunda duk Abuja ta shaida an ɗauko mana, fito da ita.”

Na fito da ita. Ummi ce ta cinye.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya zauna mini. Kada mutum ya riƙe na'urar da ke da maɓallin da bai san aikinsa ba, kada kuma ya je aiki gaban manya da yunwa. In kuma ka ji ɗaki ya cika da dariya, ka duba ko'ina ba ka ga abin dariyar ba, to ka daina tauna tukuna.